Yadda Jason Ya Gāji Uwarsa: Tarihin Kashi Na Biyu Na "Friday the 13th"

Ran 9 ga watan Mayu 1980 kamfanin Paramount ya fitar da wani fim na ban tsoro a gidajen sinima na Amurka, sunansa Friday the 13th. Sean Cunningham ne ya shirya shi, da kuɗin da ba su wuce dala 550,000 ba, amma abin da ya jawo a Amurka kaɗai ya yi kusa da dala miliyan 40. Masu kuɗi ba su ganin irin wannan riba su kau da kai, sai suka ce lalle a yi na biyu.

To, a nan wahala ta ke, domin labarin ya riga ya ƙare. Wadda ke kashe samari da 'yammata a sansanin Crystal Lake ita ce Pamela Voorhees, tana ramuwar ɗanta Jason, wanda ruwa ya ci a 1957 sabo da sakacin masu kula da yara. Alice kuwa, yarinyar da ta tsira, ta fille mata kai da adda. Yaron da ya ɓullo daga tafki a ƙarshe, mafarki ne aka ƙara don a firgita 'yan kallo. Cunningham ya so a riƙe sunan fim ɗin kurum, a riƙa kawo sabon labari kowace shekara. Masu ba da jari suka ƙi, suka ce Jason su ke so, da ransa, kuma ƙato. Tom Savini, gwanin da ya ƙaga raunukan fim na farko, ya ga zancen ba shi da kai, ya tafi aikin The Burning.

Aka danka wa Steve Miner shiri, Ron Kurz ya rubuta labari, aka ɗauki hoto a jihar Connecticut, fim ya fito cikin bazarar 1981. Tun da farko Jason ya bi Alice har gida ya soke ta da tsinken fasa ƙanƙara, watau an share tsohon labari ke nan. Bayan shekara biyar wasu matasa suka taru a bakin tafkin nan don koyon aikin kula da yara, ya bi su ɗai ɗai. Ba a taɓa bayyana yadda yaron da ya nutse ya girma a daji ba, 'yan kallo kuma ba su tambaya ba. Abin da aka koya wa masu sana'ar ke nan, cewa makashi ya fi labari daraja, kuma mutuwarsa ba ta hana shi komowa.

Mutane da yawa sun ɗauka a nan Jason ya fara sa abin rufe fuskar nan na mai tsaron gida a wasan hoki. Ba haka ba ne. Buhu ya sa, mai huda guda ta ido, kamar makashin The Town That Dreaded Sundown na 1976. Sai a kashi na uku, a 1982, ya sami fuskar da aka san shi da ita. Aro bai tsaya nan ba: inda aka tsire masoya biyu da mashi guda a kan gado ya yi kama ƙwarai da abin da Mario Bava na Italiya ya yi a A Bay of Blood a 1971. Ƙungiyar da ke yanke wa finafinai shekarun masu kallo ta sa aka yanke daƙiƙa 48, yawancinsu na jini.

Inda fim ɗin ya fi 'yan'uwansa shi ne wajen Ginny, wadda Amy Steel ta fito a matsayinta. Ɗaliba ce mai nazarin halayen yara, ita kaɗai ta zauna ta yi tunanin abin da zai auku ga yaron da ya ga an kashe uwarsa. Da ta faɗa bukkarsa a daji, ta tarar da busasshen kan uwar a ajiye kamar abin bauta, sai ta ɗauki rigar sanyin matar ta sa, ta yi masa magana da muryar uwa, har ya durƙusa. Dabara ce ta cece ta, ba ƙarfi ba, ba kuma sa'a ba. Lokacin da Carol Clover ta yi nazarin "yarinyar ƙarshe" a 1987, sa'an nan a littafinta na 1992, irin wannan mace ta ke nufi.

Fim ɗin ya samo dala miliyan 21 da 'yan kai, bai kai na farko ba, amma ya ninka jarinsa sau da yawa. Paramount ta yi guda takwas daga 1980 zuwa 1989, jimla ta kai 12 a 2009. Masu Halloween sun gwada shawarar da aka ƙi wa Cunningham a 1982, suka yi kashi na uku ba tare da Michael Myers ba, mutane suka juya baya, dole aka komo da shi a 1988. A farkon Scream na 1996, makashi ya tambayi wata yarinya ta wayar tarho wane ne mai kisa a Friday the 13th. Ta ce Jason, ta kuwa faɗi, domin amsar ita ce uwarsa.