Takwarantaka Tsakanin 'Yan Siyasa da Mawaƙan Hausa: Nazarin Sunan Yanka da Laƙabi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci wasu fitattun 'yan siyasa da makaɗan Arewacin Nijeriya waɗanda suka yi tarayya a sunan yanka. An kwatanta sunayen da jama'a suka san su da su, daga zamanin Jamhuriya ta Farko zuwa yau. Nazarin ya nuna cewa sunan da ke biye da na yanka shi ne ke bayyana hanyar da mutum ya bi ya shahara: ɗan siyasa ya fi samun nasa daga rajistar makaranta, makaɗi kuwa daga bakin jama'a.

1.0 Gabatarwa

Sunayen yanka da Bahaushe Musulmi yake raɗa wa 'ya'yansa ba su da yawa. Daga sunayen annabawa sai na sahabbai da na iyalan gidan Manzon Allah (SAW). Saboda haka da wuya a shiga gida a rasa Muhammadu ko Abubakar ko Ibrahim, kuma takwarantaka ba abin mamaki ba ce. Abin da ya cancanci nazari shi ne yadda al'umma take rarrabe takwarorin nan idan dukkansu suka yi fice. An zaɓi siyasa da waƙa ne domin fagage ne biyu da suna yake zama jari a cikinsu, kuma tun zamanin NEPU da NPC ba su rabu da juna ba.

2.0 Sunan Rajista da Sunan Dandali

A ɗauki Musa guda biyu. Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Ministan Harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko kuma Matawallen Katsina, ya ɗauki sunan unguwarsu ta cikin birnin Katsina. Takwaransa Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ba daga wuri ya samo nasa ba. Manazarta tarihin makaɗa sun ruwaito cewa a ƙungiyar kiɗan mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, akwai wani mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo. Da yaron ya fara amshi aka ji muryarsa ta ɗauko ta wancan, sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo. Sunan ya bi shi har fadar Maradun, har gaban Sardauna Ahmadu Bello.

Haka abin yake ga Ibrahim. Janar Ibrahim Babangida, shugaban ƙasa daga 1985 zuwa 1993, da Malam Ibrahim Shekarau, gwamnan Kano daga 2003 zuwa 2011, sunayensu na biyu daga gida suka fito, takarda ta tabbatar da su. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, laƙabinsa ya samo asali daga karyarsa da ake kira Rambaɗa. Babu malamin makarantar da zai rubuta irin wannan suna a rajista, amma shi ne ya wanzu, har ya rufe Maidangwale da ake haɗa masa da shi.

Tushen bambancin yana cikin tsarin makarantun boko na zamanin Turawa. A Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta zama Barewa, ana tara yara daga larduna daban-daban, da yawansu masu suna ɗaya. Ga kuma kunyar da ke hana ɗa ambaton sunan mahaifinsa gatsal. Mafita ita ce a jingina yaro ga garinsu. Ahmadu Bello da sunan Ahmadu Raɓa ya yi karatu. Ta wannan hanya aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari da Isa Kaita, kuma al'adar ta ɗore har ta kai ga Abubakar Rimi da Kwankwaso da Ganduje, waɗanda duk sunayen garuruwa ne.

Makaɗa ma suna ɗaukar sunan gari, sai dai yana zuwa ne a baya, bayan laƙabi ya riga ya zauna, kuma sau da yawa ba mahaifa yake nunawa ba. A Musawa aka haifi Mamman Shata, ya yi zamansa a Funtuwa, amma Shata Katsina ake cewa. Ɗanƙwairo mutumin Bakura ne, aka jingina shi ga Maradun saboda can ubangidansa yake. Adamu Ɗanmaraya Jos, mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, maraicinsa ne ya fara ba shi suna kafin garin da ya zauna. Takwaransa Malam Adamu Ciroma da sunan gidansu ya shiga aikin jarida da siyasa.

3.0 Inda Ƙa'idar Ta Karye

Hajiya Gambo Sawaba (1933–2001) ta saɓa wa wannan tsari, kuma saɓawar tata ta ƙara masa ƙarfi. Ba ta bi ta kwaleji ba. A dandalin NEPU ta yi suna, da ɗauri da duka, don haka sunanta na biyu daga taken gwagwarmayar jam'iyyar ya fito, kamar yadda na makaɗi yake fitowa daga masu sauraro. Wanda duk ya shahara a gaban taro, taron ne yake raɗa masa suna.

'Yan siyasar da rajista ta ba su suna ma ba su wadatu da shi ba. Sai da suka nemi na dandali, kuma mawaƙa da maroƙa ne suka fi yaɗa shi. Sardauna ya zama Gamji, Rimi ya zama Limamin Canji, Abba Kabir Yusuf ya zama Abba Gida-Gida. A nan ne ake ganin buƙatar da ɗan siyasa yake da ita ga mawaƙi ta wuce ta tara jama'a ranar gangami.

A ɓangaren mawaƙan zamani kuma an sami juyi. Yawancinsu sun shiga makaranta, sai sunayensu suka ɗauko siffar takarda: Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef. Misali mafi ban sha'awa shi ne Aminu Ladan Abubakar, takwaran Malam Aminu Kano. Haruffan farko na sunayensa uku aka harhaɗa suka ba da Ala, jama'a kuma suka mayar da shi Alan Waƙa. Laƙabi ne da aka ƙera da kayan boko, amma ya shiga baki kamar na makaɗan dauri. Dauda Kahutu Rarara ya haɗa duka biyun, ga sunan ƙauyensu a jihar Katsina, ga laƙabin sana'a, kuma da wannan ake bambanta shi da Dauda Lawal, gwamnan Zamfara tun 2023.

4.0 Matsalar Adana Bayanai

Wannan bambanci tsakanin sunan rajista da sunan dandali yana da tasiri ga masu bincike, kuma a ganina ba a ba shi kulawar da ta kamata ba. Tsarin jera sunaye da jami'o'inmu suka gada yana ɗaukar sunan ƙarshe a matsayin sunan dangi. Da shi ake rubuta "Kano, A." ko "Jos, A.", sai gari ya koma zuri'a, laƙabin da aka san mutum da shi kuma ya ɓace. Ɗalibin da ke neman Sani a kundin ɗakin karatu ko a intanet zai ci karo da Sani Abacha da Sani Sabulu da Sani Ɗan'indo da Sani Aliyu Ɗandawo da Sani Danja a jere, ba tare da wata alama da za ta nuna masa wane ne soja, wane ne makaɗi ba. Ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙan Hausa sun kyauta da suka riƙa kawo cikakken suna tare da laƙabi da gari. Ya kamata ɗakunan karatu da gidajen rediyon da ke riƙe da tsofaffin faya-fayai su shigar da kowane makaɗi a ƙarƙashin laƙabinsa, sannan a biyo da sunan yanka, da garin haihuwa, da fadar da ya yi wa kiɗa, kowanne a gurbinsa daban.