Gawakuke: nasarar da ba ta kashe hari ba

A shekarar 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fita da kansa, shekara ɗaya kafin rasuwarsa, ya tari rundunar ƙawance a Gawakuke, cikin ƙasar Gobir. Sarakuna uku ne suka haɗa kai: Sarkin Gobir Ali, da Rauda Sarkin Katsina na Maraɗi, da Ibra shugaban Abzinawan Tamesgida. Aka gwabza, ƙawancen ya karye. Ali da Rauda suka kwanta dama a fagen fama, Ibra ya sha da ƙyar.

Littattafan tarihin Turai suna ba da labarin wata rana mai kama da wannan. Ran 10 ga Agusta 955, a filin Lechfeld kusa da Augsburg, Sarki Otto na Ɗaya na Jamus ya murƙushe mahayan Majar, waɗanda suka shekara hamsin suna kai hari har Italiya da Faransa. Aka kama jagororinsu, Bulcsú da Lehel, aka rataye su a Regensburg. Daga ranar hare-harensu wajen yamma suka mutu. A 962 aka naɗa Otto babban sarki a Roma, kuma wajen shekarar 1000 Majar suka yi sarki Kirista, Istifanus, suka zauna suka zama ƙasar Hongiri.

To, me ya hana Gawakuke yin abin da Lechfeld ya yi? Ga alama amsar tana cikin asalin masu harin. Majar ganima suke nema, kuma suna da faffaɗar ƙasa mai ciyawa da za su koma su zauna. Da hari ya daina riba, sai suka bar shi. Mutanen Maraɗi da Gobirawa kuwa ba baƙi ba ne da suka faɗo daga nesa. Gidajen sarauta ne da jihadi ya kora: Katsina ta faɗi a 1807, Alkalawa a 1808, Ɗan Kasawa ya yi gudun hijira kafin ya sami mazauni a Maraɗi. Abin da Sakkwato ke kira hari, su a wurinsu neman gado ne. Wanda ke bin bashin gidan ubansa, mutuwar sarki ba ta sa ya yafe. Wani yake naɗawa.

Haka kuwa aka yi, cikin shekarar nan ta 1836. Ɗan Mari ya gaji Rauda, ya ba Mayaƙi, sabon Sarkin Gobir, wuri a bakin Gulbi, aka kafa Tibiri, tafiyar da ba ta kai yini ba daga Maraɗi. Nasarar Bello ita ta matso da abokan gabansa biyu kusa da juna, cikin kwari mai duhun itace inda dawakin Sakkwato ba su da sakewa. Magajinsa, Abubakar Atiku, ya rasu a 1842 bayan yaƙin da ya kai wa Tibirin. Ɗan Mari ya tayar da ƙasar Ruma a kan Katsina, aka watse garuruwa, wurin ya koma daji. Lokacin da Barth ya bi hanyar Gazawa zuwa Katsina a 1851, ayari ba ya ratsa dajin sai da tsoro. Zamanin Ɗan Baskore kuwa mahayan Maraɗi har cikin ƙasar Kano suke kutsawa.

Abin da ya rage ƙarfin Gobir daga cikin gida ya fito. Wajen 1860 Ɗan Halima ya ɓalle, ya shirya da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka zo suka ja iyaka tsakanin gidajen biyu: Sabon Birni ya faɗa Najeriya, Tibiri da Maraɗi suka faɗa Nijar, kowane ɓangare da nasa Sarkin Gobir.