Riwayoyin Waƙa Guda: Daga Dalas zuwa Madarunfa

Masu sauraron waƙa a Madarunfa, waɗanda suka tashi da Rediyon Kaduna a kunne da kaset ɗin da fatake ke shigowa da su ta Jibiya da Ɗan Isa, sun saba da musu a kan wace ce "ta asali" cikin waƙoƙin bege irin Jummai ta Haruna Uji, mai gurmin Haɗeja. A ganina wannan musu bai da tushe, domin waƙa riwayoyi gare ta, kuma hujjata tana cikin tarihin wata waƙar Amurka wadda isnadinta yake a rubuce.

A watan Nuwamba na 1938, a birnin Dalas na jihar Tekzas, Bob Wills, mai gogen Turawa, ya ɗauki San Antonio Rose a faifan kamfanin Vocalion, kiɗa zalla babu baiti ko ɗaya, alhali shi kansa kiɗan daga wani tsohon takensa na 1935 ya tsiro. Da kamfanin Irving Berlin ya nemi buga ta, sai ya gindaya sharaɗin a sa mata kalmomi. Saboda haka a Afrilun 1940 aka sake ɗaukar ta da muryar Tommy Duncan, kakaki da sauran kayan busa suka rinjayi gogen da ya haife ta, har aka ƙara wa sunanta lafazin sabunta. A ƙarshen shekarar Bing Crosby ya rera tasa, wadda ta kai ta kunnen mutanen da ba su taɓa taka dandalin rawar Tekzas ba, sa'an nan Patsy Cline ta maimaita a 1961.

To wace ce asali? Ta farko ba ta ambaci soyayya ba, ta biyu buƙatar 'yan kasuwa ce ta wajabta baitocinta, wadda ta fi shahara kuwa ba daga bakin mai ita ta fito ba. In haka ta faru inda faifai ke ƙayyade wa mawaƙi minti uku, ina ga mai gurmi, wanda yakan tsawaita ko ya taƙaita gwargwadon majalisi da alherin da aka yi masa? Abin da ya kamaci mai nazari a Madarunfa shi ne ya tara kaset ɗin da suka saura a hannun dattawa, ya tambayi kowane mai shi inda ya samo nasa da shekarar da ya saya.