Duwatsun Mandara da Al'ummominsu a Tarihi

Duwatsun Mandara jerin tsaunuka ne da suka miƙe kimanin kilomita 200 a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, daga kusa da kogin Binuwai a kudu har zuwa yankin Gwoza da Mora a arewa. Tsayinsu bai kai mita 1,500 ba, amma gangarensu mai tsauri da tarin manyan duwatsun da suka rufe jikinsu sun isa su tsara wa mazauna wurin yadda za su yi noma da gini da zaman tare. A cikinsu akwai Mafa da Mofu da Podoko da Sukur da Kapsiki, waɗanda ake kira Higi ko Kamwe a ɓangaren Nijeriya, kuma yawancin harsunansu na cikin dangin harsunan Cadi, wato dangin da Hausa ma take ciki, ko da yake kwazazzabai sun raba su har ta kai mutanen tsaunuka biyu masu hangen juna ba sa jin maganar juna.

Babban aikin da dutse ya ɗora wa mutanensa shi ne riƙe ƙasar noma, domin ruwan damina yana zuwa da ƙarfi cikin 'yan watanni kaɗan, kuma idan ba a tare shi ba sai ya kwashe ƙasar ya bar fako. Saboda haka manoma suka riƙa jera duwatsu ba tare da laka ba, suna yin gajerun katangu hawa-hawa daga gindin tsauni har ƙololuwarsa, kowace katanga tana riƙe da siririyar gona wadda wani lokaci faɗinta bai wuce taku biyu ba. Kafin kowace shuka sai maigida da iyalinsa sun bi sun mayar da duwatsun da suka zame, sannan su zuba takin dabbobi da tokar murhu. Mafa sukan shuka dawa bana, baɗi su shuka gero da wake, kuma sukan tsare bijimin sa a cikin ɗaki na tsawon lokaci ana kai masa ciyawa, a kwashe takinsa zuwa gona, har ranar bikin maray da ake yanka shi don tunawa da kakanni. Wannan dabarar noma ce ta sa yankin ya ɗauki jama'a masu yawan gaske, abin da ya cancanci girmamawa fiye da yadda aka saba ba shi.

An daɗe ana bayyana waɗannan al'ummomi a matsayin 'yan gudun hijira da suka hau dutse don tsoron mahara, kuma akwai gaskiya a ciki, domin dokin da ke mulki a fili ba shi da ƙarfi a tsakanin duwatsu. Masarautar Wandala, wadda ta zauna a Kerawa da Dulo sannan Mora, ta kuma karɓi Musulunci a farkon ƙarni na 18, ta daɗe tana samun bayi daga tsaunukan, kuma littafin da Hamman Yaji, mai mulkin Madagali, ya sa aka rubuta masa tsakanin 1912 da 1927 ya lissafa hare-haren da ya tura da adadin mutanen da aka kamo. Sai dai wannan bayani bai cika ba, saboda kufan gine-ginen dutse da ake kira Diy-gid-biy sun nuna cewa tun ƙarni na 15 akwai zama mai tsari a can, kuma mutanen dutse ba su taɓa yanke hulɗa da na fili ba. Sukur ta shahara da narka tama, wato ƙasar da ake fitar da ƙarfe daga cikinta, tana sayar da sandunan ƙarfe ga fatake, kuma da wannan arziki ta gina fadar sarkinta, Hidi, da hanyoyin da aka shimfiɗe da faifan duwatsu, waɗanda suka sa UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ta farko a Nijeriya.

Turawan mulkin mallaka sun raba tsaunukan gida biyu bayan Jamusawan da ke mulkin yankin sun miƙa wuya a dutsen Mora a 1916, kuma ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta bar ɓangaren yamma a cikin Nijeriya. Daga lokacin hukumomi suka riƙa matsa wa mutane su sauko fili, inda makaranta da kasuwa da asibiti suke, ƙarfen Turai mai araha kuma ya kashe sana'ar narka tama. Rikicin Boko Haram, wanda ya kai ga kama Gwoza a 2014, ya ƙara korar dubban manoma daga gidajensu, kuma katangar gonar da aka bari shekaru kaɗan ba gyara takan rushe, ƙasar da aka tara cikin ɗaruruwan shekaru ta bi ruwa.