Rigimar PulseAudio: wa ya lalata wa masu Linux sauti a 2008?

Wani mai karatu da ke haɗa bidiyon bukukuwa a kwamfutarsa ya aiko da tambaya: tun yaushe kwamfuta ta iya rage wa manhaja ɗaya murya ta bar sauran yadda suke? Abin da ya sa ya tambaya shi ne yakan rage ƙarar sanarwar saƙonni alhali waƙar da yake aiki da ita tana nan da ƙarfinta. Ga yawancin masu kwamfuta, amsar a taƙaice ita ce 2007. Amma a bayan wannan shekara akwai rigimar da har yau tsofaffin masu amfani da Linux ba su gama hucewa daga gare ta ba.

Kwamfutar IBM ta 1981 ƙaramar lasifika ce kawai a cikinta, ba ta iya komai sai ɗan tsuwwa. Katin sauti na AdLib ya fito a 1987, sai Sound Blaster na kamfanin Creative da ke Singafo a 1989. A katunan Sound Blaster na farko, abin rage ƙara ɗan gargare ne a jikin katin, don haka sai mutum ya miƙa hannu bayan kwamfuta, ya lallaba tsakanin wayoyi, sannan ya murza. Windows 95 ce ta saba wa jama'a da hoton lasifika kusa da agogo. Sai dai maɓallanta suna raba sauti ne bisa inda ya fito: na faifan CD daban, na makirfo daban, na kiɗan MIDI daban, amma manhajojin da ke kunna sauti duk maɓalli ɗaya suke rabawa. Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a Janairun 2007, ita ta sake gina harkar sauti daga tushe, ta bai wa kowace manhaja nata maɓallin.

A ɓangaren Linux kuwa, lamarin ya fi haka dagulewa. Tsohon tsarin OSS, wanda Hannu Savolainen ɗan ƙasar Finlan ya fara a farkon shekarun 1990, a katuna da yawa manhaja ɗaya kawai yake bari ta yi magana a lokaci guda. In kana sauraron karatu ka buɗe bidiyo, bidiyon zai yi ta motsi ba murya. ALSA, wanda Jaroslav Kysela ya fara a 1998, ya gyara abubuwa da yawa, amma a kansa aka jibga wasu tsare-tsaren: masu teburin Linux na KDE da nasu mai suna aRts, masu na GNOME da nasu mai suna ESD, kowa da kiɗansa.

A nan Lennart Poettering ya shigo. Bajamushe ne, an haife shi a Gwatemala a 1980, mai kaifin basira, kuma ba ya tauna magana. A 2004 ya fara wata manhaja da ya kira Polypaudio, aka sake mata suna PulseAudio a 2006. Dabararsa ita ce a sa manhaja ɗaya a tsakiya, duk wani sauti ya bi ta hannunta kafin ya isa lasifika. Da haka kowace manhaja za ta sami nata maɓallin, za a iya ɗauke waƙa daga lasifika a mai da ita abin sawa a kunne ba tare da an tsayar da ita ba, har ma a tura sauti zuwa wata kwamfutar ta hanyar sadarwa. Fedora 8, wani nau'in Linux, ta fito da ita a Nuwamban 2007.

Wutar ta tashi ne a Afrilun 2008, lokacin da kamfanin Canonical ya saki Ubuntu 8.04 da PulseAudio a ciki. Ubuntu ce Linux ɗin da sababbin shiga suka fi ɗauka, kuma wannan fitowa tana cikin waɗanda aka yi alkawarin kulawa da su na tsawon shekaru, irin wadda makarantu da ofisoshi ke dogara da ita. Mutane suka sa, suka tarar bidiyon Flash yana rufe musu Firefox, Skype yana rikicewa, wata manhajar kuma ta riƙe katin sauti ta hana kowa. Shawarar da ta fi yawo a lokacin ita ce: cire PulseAudio, ka huta.

Daga nan labari ya rabu biyu. Masu suka suka ce an kawo maganin ciwon da ya riga ya warke, domin ALSA ya riga ya iya haɗa sautin manhajoji da yawa ta wani sashe nasa da ake kira dmix. Sun ce ɗanyen aiki ne aka tura wa jama'a su gwada. Poettering kuwa ya ɗora laifin a kan Ubuntu, ya ce ba su yi shirin da ya kamata ba kafin su saka manhajar, ya kuma nuna cewa kurakurai da yawa a direbobin katin sauti suke, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa katin da kwamfuta. Shi da kansa, a wani taron masu gina Linux a 2008, ya amince cewa a lokacin manhajarsa ce ke lalata wa mutane sauti.

Ni dai na fi karkata ga bayanin Poettering a wannan gaɓa. Dmix yana haɗa sauti, gaskiya ne, amma ba ya bai wa kowace manhaja maɓallinta, ba ya kuma sauya wa waƙa hanya idan an soka sabon abin saurare. Batun direbobi ma ya tabbata. Da PulseAudio ta koma auna lokaci da agogon kwamfuta a 2008, ta riƙa tambayar katin daidai inda ya kai a sautin, sai aka tarar direbobi da yawa amsar ƙarya suke bayarwa, abin da ba wanda ya lura da shi a baya tunda ba wanda ya taɓa matsa musu haka. Ƙarƙarar da mutane ke ji daga nan take, kuma an yi shekaru ana gyara su ɗaya bayan ɗaya. Saka sabon abu irin wannan a fitowar da aka ce ta dogaro ce, gaggawar Ubuntu ce.

Amma akwai wurin da ba zan wanke masu PulseAudio ba. A 2009 suka shigo da wani tsari wanda ke ɗaure ƙarar kwamfuta gaba ɗaya da ƙarar manhajar da ta fi kowace ƙarfi. A takarda abin yana da hujja, don yana kiyaye ingancin sauti. A aikace ga abin da ke faruwa: mutum ya sa abin saurare a kunne cikin dare, ya rage ƙara ƙasa sosai, sai ya buɗe wata manhajar da ke ɗaga nata maɓallin zuwa ƙarshe da zarar ta tashi, nan take ƙarar kwamfutar duka ta bi ta. Wanda abin ya taɓa samu sai ya fizge wayar daga kunnensa. Masu tsarin suka ce laifin manhajojin da ke yin haka ne. To, ko da laifinsu ne, kunnen mutum ne ke shan wahala, kuma maɓallin da mutum ya rage da hannunsa bai kamata wata manhaja ta ɗaga masa shi ba tare da ya sani ba. Ubuntu da wasu suka kashe tsarin a nasu ɓangaren, amma sai a 2020, a fitowa ta 14, masu PulseAudio suka yarda ya zo a kashe. Shekara 11 ta yi yawa ga ƙorafin da ya shafi lafiyar ji.

Sauran labarin gajere ne. Poettering ya koma kan wata manhajar Linux mai suna systemd a 2010, wata rigimar da ta fi wannan girma, daga baya ya tafi Microsoft a 2022. Sabon tsarin sauti mai suna PipeWire, na Wim Taymans, ya maye gurbin PulseAudio a Fedora 34 a 2021, Ubuntu ta bi a 2022, kuma an gina shi ne yadda manhajojin da aka rubuta don PulseAudio za su ci gaba da aiki ba canji. Sauyin ya wuce ba hayaniya sosai, domin direbobin da ya tarar an riga an gyara su.

Ga mai tambayarmu: a Windows, danna hoton lasifika da maɓallin dama na linzami ka buɗe Volume Mixer; a Linux, nemi pavucontrol, wadda Poettering ya rubuta kuma har yau take aiki a kan PipeWire.