Gyara ko Sabon Saye: Tarihin Sana'ar Gyaran Kayan Saurare a Gwallaga ta Birnin Bauchi

Muhawarar da matasa ke yi a yau kan hedifon, wato 'yan ƙananan lasifikoki biyu da ake kifawa a kunnuwa don mutum ya saurari sauti shi kaɗai, ta ko ya fi kyau a sayi mai araha a sauya masa soson kunne ko kuwa a daure a sayi mai tsada, ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin kuwa reshe ce ta wata tsohuwar tambaya da ta taso tun lokacin da akwatin rediyo ya shiga gidajen talakawa. A unguwar Gwallaga da ke birnin Bauchi, da kasuwannin Wunti da Muda Lawal inda mazaunanta ke sayayya, amsar wannan tambaya ta daɗe a hannun masu gyara, kuma tarihin sana'arsu yana nuna cewa darajar na'ura a wurin mai ƙaramin ƙarfi ba ta tsaya ga daɗin sautinta ranar da aka saye ta ba, ta dogara ne ga ko za a iya buɗe ta a gyara ranar da ta samu matsala.

Rediyon farko da ya iso Nijeriya bai bar wa mai saurare wani zaɓi ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta fara rarraba shirye-shirye ta waya a Legas a 1935, sannan a Kano a 1944, kuma abin da ake kafawa a gida ko a dandali lasifika ce kawai wadda aka jawo mata waya daga tasha, ana biyan kuɗin haya, ba a iya juya ta zuwa wata tasha, idan ta lalace kuma ma'aikatan hukuma ne ke da alhakin duba ta. Sana'ar gyara mai zaman kanta ta samu gindin zama ne bayan bayyanar taransista, wani ɗan ƙanƙanin abu da ke ƙarfafa siginar lantarki wanda ya maye gurbin manyan kwalaben gilashi masu zafi da cin wuta. An fara sayar da rediyo mai taransista a Amurka a 1954, kamfanonin Japan suka biyo baya da masu araha, kuma da yake irin wannan akwati da batir yake aiki, sai ya isa har gidajen da wutar lantarki ba ta kai ba.

Abin saurare ma ya yawaita a daidai wannan lokaci. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, Rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Amurka ta bi sahu da Hausa a 1979, kuma bayan da aka ƙirƙiri Jihar Bauchi a 1976 birnin ya zama hedikwata mai tashar rediyo ta kansa da ɗimbin ma'aikata masu albashi. Jirgin ƙasa, wanda ya iso Bauchi a 1961, da motocin da ke zirga-zirga zuwa Jos da Kano, su ne suka riƙa kawo akwatunan da kayan gyaransu. Rediyo ya zama abokin mai shayi da tela da direba da dattijon da ke zaune a ƙofar gida, kuma da zuwan kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, tafsirin watan azumi da wa'azi da waƙoƙin makaɗa suka zama abin da ake naɗa a sayar a adana. A unguwa irin Gwallaga, wadda ta yi suna da masallacin Juma'arta da karatun da ake yi a cikinsa, rikoda ta kasance kayan neman ilimi kamar yadda take kayan nishaɗi, don haka lalacewarta asara ce da ba a yarda a bari ta daɗe.

Abin da ya ƙara ɗaukaka masu gyara shi ne karyewar darajar naira. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dalar Amurka daraja a farashin hukuma, amma daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, kayan da ake shigowa da su suka yi tsadar da ta fi ƙarfin mai matsakaicin albashi. Kasuwa ta rabu gida uku: sabon kaya na asali mai tsada, da kayan gwanjo da aka yi amfani da su a Turai aka kawo, da kuma sabon kaya mai araha wanda ingancinsa ke da rauni. Mai gyara shi ne ya zama mahaɗar waɗannan ukun, domin yana iya cire lasifika mai kyau daga mataccen akwati na asali ya dasa ta a cikin mai araha, abin da ya fita daga hannunsa kuma ya fi wanda aka kawo masa.

Teburin mai gyaran rediyo ya isa shaida kan yadda sana'ar take. A kansa akwai ƙarfen narka dalma da mitar auna wuta da sukundireba iri-iri da tsohon buroshin haƙori na share ƙura, a bayansa kuma tulin matattun akwatuna ne waɗanda ba a zubarwa, saboda kowanne ma'ajiyar kayan gyara ce. Ba a makaranta ake koyon yawancin aikin ba, yaro yakan zauna gaban maigidansa shekaru yana kallo yana miƙa kaya kafin a ba shi ƙananan ayyuka, har ranar da za a yaye shi ya kafa nasa tebur. Babban jarin sana'ar shi ne kunne, domin gwani yakan bambance shashatar da datti ya haddasa a maɓallin ƙara murya da wadda yagewar takardar lasifika ta kawo tun kafin ya kwance ko da ƙusa ɗaya.

Hedifon ya daɗe a duniya kafin ya zama ruwan dare a Bauchi. Wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin ya ƙera irinsa a 1910 ya sayar wa rundunar sojan ruwan ƙasarsa, kamfanin Koss ya fito da mai raba sauti dama da hagu a 1958, sannan a 1968 kamfanin Sennheiser na Jamus ya fitar da samfurin HD 414 wanda ake iya cire sosonsa a sa wani, kuma ƙaramar rikodar Walkman ta kamfanin Sony ta mayar da saurare a kan hanya al'ada daga 1979. Amma a arewacin Nijeriya, inda aka saba sauraren rediyo cikin jama'a, abin ya bazu ne bayan zuwan wayar salula a 2001, musamman ƙaramin da ake cusawa cikin kunne wanda ake kira iyafis. Wani dalili na fasaha ya taimaka: yawancin wayoyin lokacin ba sa kama tashoshin FM sai an jona iyafis, domin igiyarsa ce ke zama eriya. Da yawa daga yaran masu gyaran rediyo suka koma gyaran waya, suka tafi da dabarun da suka gada, kamar kunna sauti a riƙa lanƙwasa igiya kaɗan-kaɗan daga bakin filogi har a gano inda ta tsinke daga ciki, a yanke a sake liƙawa da dalma.

Batun soson kunne yana da tushe a ilimin sauti. Soson shi ne ke tsare iskar da ke tsakanin lasifika da kunne, kuma kaurin sauti, wato amon ƙasa irin na ganga, yana dogara ne ga yadda wannan iska ta kasance a rufe. Soso mai rufin fata ko roba yana toshe kafofi, sai kaurin ya ƙaru kuma hayaniyar waje ta ragu, amma yana tara zufa; mai rufin yadi yana shan iska, ya fi daɗi a zafin bazara, sai dai kaurin yakan zurare. Kaurin soson kansa yana sauya nisan lasifika daga kunne, wanda ke shafar kaifin murya. A yanayin Bauchi, inda zafin watannin Maris da Afrilu ke haɗuwa da zufa, bayan ƙurar hunturu da ke gabatarsu, siririyar robar da ake lulluɓe soso da ita takan fara ɓarewa tun lasifikar na da sauran ƙarfinta, kuma wannan na samun mai araha da mai tsada. Saboda haka sauya soso, ko kai shi wurin tela ko baduku a yi masa sabuwar riga, ya zama ci gaban tsohuwar al'adar nan ta ceto abin da ke da sauran amfani.

Duk da haka gyara na da iyaka, kuma masu sana'ar sun fi kowa sanin ta. Soso ba ya sauya ingancin maganaɗisu da siririn faifan da ke motsa iska a cikin lasifika, don haka idan sautin na tsagewa ne tun daga tushe babu rufin da zai warkar da shi, kuma a nan ne karin maganar da ke cewa araha ba ta ado take da gaskiya. Mai aikin haɗa sauti a situdiyo ko gidan rediyo, wanda ke buƙatar jin murya yadda take ba ƙari ba ragi, yana da hujjar kashe kuɗi, kuma sauya wa irin nasa hedifon soso barkatai na iya ɓata daidaiton da kamfani ya auna. Amma ɗalibi mai sauraren darasi ko karatun Alƙur'ani, wanda buƙatarsa murya ce bayyananna da abin da ba zai dame shi a kunne ba, yakan samu biyan buƙata da matsakaicin hedifon da aka kyautata, musamman bayan sake faɗuwar naira daga 2023.

Babbar barazana ga wannan sana'a ta fito ne daga yadda ake ƙera kayan zamani. Tun 2016, da kamfanin Apple ya cire ramin jona hedifon daga iPhone 7 ya fito da AirPods, kasuwa ta karkata ga 'yan kunne marasa igiya waɗanda aka manne da gam, masu ɗan batirin da ke rauni bayan 'yan shekaru kuma da wuya a sauya shi ba tare da an fasa abin ba. Irin wannan kaya, komai tsadarsa, yana fitar da mai gyara daga lissafi, ya mayar da mai saye bawan kanti. Tarayyar Turai ta amince da dokar 'yancin gyara a 2024 don tilasta wa kamfanoni sauƙaƙa gyaran wasu kayayyaki, abin da ke nuna cewa ƙasashen da ke ƙera kayan sun fara gane amfanin abin da masu teburin gyara suka daɗe suna yi. Ya kamata masu saye su riƙa tambayar ko ana cire soso da igiya da batir kafin su biya, hukumomin koyar da sana'a kuma su ɗauki gyaran kayan lantarki da muhimmanci, domin kuɗin da aka biya mai gyara yana zama cikin unguwa ya ciyar da gida ya koyar da yaro, alhali mafi yawan na sabon saye ƙasashen waje yake tafiya.