Daga Agogon Taylor Zuwa Igiyar Toyota

A shekarar 1913 kamfanin motoci na Ford, a masana'antarsa ta Highland Park da ke gefen birnin Ditiroit a Amurka, ya ɗauki mutum fiye da 50,000 aiki don kawai ya cike gurabe wajen 14,000. Ana ɗauka ta wannan ƙofa, suna zarewa ta waccan. A shekarar ce aka fara layin haɗa mota mai tafiya, inda aiki ke zuwa gaban lebura ya ɗaure noti ɗaya, ya wuce, wani ya zo, tun safe har yamma. Aiki ya yi sauri, mutane kuwa sun ƙi zama. Albashi ya sayi hannun ma'aikaci, amma hankalinsa yana can wani wuri.

Injiniya Frederick Taylor bai ga wata matsala a nan ba. A littafinsa na 1911 ya ba da labarin yadda ya tsaya da agogo a kamfanin ƙarfe na Bethlehem yana auna motsin masu dakon ƙarfe, har ya kai wani lebura daga ɗaukar tan 12 da rabi a yini zuwa tan 47, ladansa ya tashi daga dala 1.15 zuwa 1.85. Kaya sun kusa ninkawa huɗu, kuɗi ko ninki biyu bai yi ba. A tsarin Taylor tunani na ofis ne, na lebura bin umarni.

Henry Ford, mai kamfanin Ford, ya gwada kuɗi. A Janairun 1914 ya mai da ladan yini dala 5, daga dala 2.34, ya kuma rage awannin aiki daga 9 zuwa 8. Sai dai da sharaɗi: jami'an kamfani kan bi ma'aikaci har gida su duba tsaftar ɗakinsa, ko yana shan giya, ko yana tanadi. Masu gudu sun ragu ƙwarai. Amma zama daban, kishin aiki daban, kuma layin bai canja ba.

Daga 1924 zuwa 1932 masana suka tare a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Cikago. Da farko hasken fitila suke gwadawa. Aka ƙara haske, aiki ya ƙaru. Aka rage, bai faɗi yadda aka zata ba. Sai aka ware wasu 'yan mata masu haɗa kayan wayar tarho a ɗaki guda, ana sauya musu lokutan hutu, ana jin ra'ayinsu. Elton Mayo na Jami'ar Harvard ya yaɗa fassarar cewa kulawa ce ta motsa su. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne an cire biyu daga cikin matan saboda yawan surutu da ƙin ba da haɗin kai, an kuma sauya yadda ake lissafa ladansu, don haka masana na baya sun yi ta sukar binciken. Duk da haka shi ya buɗe ƙofa. A 1959 wani masani, Frederick Herzberg, ya ce albashi da kyawun wurin aiki ƙorafi kawai suke kashewa, abin da ke sa mutum ya zage damtse yana cikin aikin kansa.

Waɗanda suka nuna haka a aikace ba malaman jami'a ba ne. A 1950 kamfanin Toyota na Japan ya shiga ƙuncin kuɗi, aka yi yajin aiki na kusan wata biyu, aka sallami ma'aikata fiye da 1,500, shugabansa Kiichiro Toyoda ma ya sauka. Kamfanin ya fito daga wannan rikici da niyyar kada ya sake kora irin wannan. A 1951 ya buɗe tsarin karɓar shawarwarin ma'aikata, dabarar da wani jigon kamfanin, Eiji Toyoda, ya gano a ziyararsa, ina kuwa, a Ford! Daga baya, a ƙarƙashin injiniyan kamfanin Taiichi Ohno, aka rataya igiya a saman layi: duk wanda ya ga kuskure ya ja, fitila ta kama, shugaban rukuni ya sheƙo, in ba a gyara ba layi ya tsaya cak.

Turawa sun daɗe suna cewa wannan halin Japanawa ne, ba zai yiwu a wani wuri ba. Garin Fremont a jihar Kalifoniya ya ƙaryata su. Kamfanin General Motors yana da masana'anta a can wadda ta yi ƙaurin suna: kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya zuwa aiki a rana, ana shan giya a bakin aiki, wasu don haushi sukan cusa kwalba cikin ƙofar sabuwar mota ta yi ta ƙara ta dami mai saye. Dokar wurin ɗaya ce, kada layi ya tsaya, ko da an ɗaura abu a karkace. Aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, aka dawo da akasarin tsofaffin ma'aikatan, har da shugabannin ƙungiyar ƙwadagonsu. Aka kai ɗaruruwa masana'antar Takaoka a Japan suka koyo aiki. Aka raba su ƙananan rukunoni, aka damƙa musu agogon nan na Taylor su auna aikinsu da kansu, su tsara shi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fashin aiki ya sauko zuwa kashi 2 ko 3 cikin ɗari, ingancin motocin ya kusa kamo na Japan. Da kasuwa ta faɗi a 1988 ba a kori kowa ba, horo aka tura su. A ganina wannan alƙawari shi ya sa igiyar ta yi aiki, domin ba wanda zai nuna wa oga hanyar rage hannaye a aiki alhali ya san shi za a fara ragewa.

Ba aljanna ba ce. Wasu 'yan ƙwadago, Mike Parker da Jane Slaughter, sun soki tsarin da cewa matsa wa ma'aikaci ne a fakaice, kowace daƙiƙa an cike ta da aiki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

A 1990 wani masani, William Kahn, ya tsara batun kishin aiki a ilimance, bayan nazarin masu kula da yara a wani sansanin hutu da ma'aikatan wani ofishin zanen gine-gine. Ya ce mutum kan saki jiki da aiki in ya ga ma'anarsa, in ba ya tsoron buɗe baki, in kuma yana da sauran ƙarfi. Kamfanin Gallup ya mai da abin tambayoyi 12, daga nan awon kishin ma'aikata ya zama kasuwa: takardar cikewa duk shekara, kyautar gwarzon wata, liyafar ƙarshen shekara. Waɗannan duk sun fi sauƙi a kan miƙa wa ƙaramin ma'aikaci ikon tsayar da aiki. Alƙaluman Gallup ɗin sun ce a 2023 kashi 23 cikin ɗari ne kawai na ma'aikatan duniya ke aiki da zuciya ɗaya.

General Motors ma ya yi ƙoƙarin kwafar Fremont a masana'antarsa ta Van Nuys. Ma'aikata ba su yarda da niyyar kamfanin ba, manajoji ba su so sakin iko ba, aka rufe ta a 1992. NUMMI ta kai 2010, bayan General Motors ya durƙushe ya janye hannunsa, sannan kamfanin Tesla ya sayi ginin.